ƘWARIN DA KE CIKIN RAFINMU: WANE NE ABOKI, WANE NE MAƘIYI?

Wannan shi ne jawabin da editan wannan jarida ya gabatar a gaban manoman rani da masunta da ɗaliban ajin manya a wani ƙauye na ƙasar Dambatta. Mun buga shi duka domin waɗanda ba su sami halarta ba su karanta, su kuma karanta wa na gida.



Ranka ya daɗe Dagaci, Allah ya ja zamaninka. Masu unguwanni, Allah ya ƙara girma. Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Sarkin Noma da Sarkin Ruwa, iyayena mata da ke zaune daga can gefe, 'yan'uwana manoma, ina gaishe ku baki ɗaya. Sannunku da zuwa.

Da na ce zan yi magana a kan ƙwarin ruwa, wani dattijo ya yi dariya. Ya ce, "Malam, duk matsalolin da ke damunmu, ba ka ga na magana ba sai ƙwaro?" Na ce masa, "Baba, ka ba ni aron kunnenka kaɗan." Domin maganar ƙwaron ruwa maganar zazzaɓin 'ya'yanmu ce. Maganar kifin miyarmu ce. Kuma maganar ruwan da muke ba albasa da tumatir ce.

RAFUKANMU

Mu nan arewacin Jihar Kano muna da Kogin Tomas, da Kogin Gari, da Kogin Jakara. Waɗannan sun nufi gabas da arewa, wajen ƙasar Jigawa. Akwai kuma Kogin Watari na ƙasar Bagwai, wanda yake zuba a Kogin Challawa. Challawa ta haɗu da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja. Ruwan Haɗeja ya bi ta fadamun Nguru, ya shiga Kogin Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. Ashe abin da aka zuba a rafi a nan, wani ne zai sha shi a can gaba.

Kun san halin rafukan nan. Da damina, musamman a watan Agusta, sai su cika su batse. Da kaka ta wuce sai su fara ja da baya. Kafin bazara ba abin da ya rage sai yashi, da 'yan gurbi-gurbi na ruwa a inuwar bishiya. Mata da yara su tona yashi su ɗebi ruwa.

Saboda wannan hali ne gwamnati ta shiga gina madatsun ruwa tun zamanin Gwamna Audu Bako. An gama madatsar Tiga a 1974. Mu ma nan arewa aka datse Tomas da Gari da Watari, aka datse Jakara a Wasai ta ƙasar Minjibir. Ruwa ya zauna shekara cur. Noman rani ya bunƙasa, kifi ya samu. Amma ruwan da ya zauna ya zo da nasa baƙin. Za mu zo kansu.

SU WANE NE A CIKIN RUWA?

Idan ka tsaya a bakin rafi ka duba, sai ka ce ba kowa ciki sai kifi da kwaɗo. Amma ka ɗaga dutse ɗaya daga cikin ruwa, ko ka yaye ruɓaɓɓen ganye, ka duba ƙarƙashinsa. Za ka ga gari guda.

Na farko shi ne mazari. Kowa ya san mazari, mai dogon jiki da fiffike huɗu, wanda yara ke bi da gudu a bakin fadama. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ƙuruciyar mazari a cikin ruwa take. Uwar tana saka ƙwai a ruwa. Abin da ya ƙyanƙyashe ba shi da fiffike, launinsa kamar laka, yana rarrafe a ƙasan ruwa. Yana da wani leɓe mai maƙata da yake naɗewa a ƙarƙashin kai. Da abinci ya gifta sai ya cilla leɓen ya cafko. Tsutsar sauro na cikin abincin da ya fi samu. Idan ya ƙosa, sai ya hau karan ciyawa, bayansa ya tsage, mazari ya fito. Wannan busasshen ƙwanso da kuke gani manne da ciyawa a bakin ruwa, rigar da ya tuɓe ce. Bayan ya tashi ma bai daina yi mana aiki ba, yana kama sauro da ƙananan ƙudaje a sama. Mazari ba ya harbi. Ku gaya wa yara su bar cire masa fiffike.

Akwai wani irin mazari mai ruwan ɗorawa da ke zuwa da yawa lokacin da hadari ya fara haɗuwa. Shi wannan matafiyi ne. Yana bin ruwan sama daga ƙasa zuwa ƙasa, kamar yadda shamuwa ke yi. Masana sun gano cewa irinsa na ƙetare teku daga ƙasar Indiya zuwa gabashin Afirka. 'Ya'yansa na saurin girma, cikin sati shida ko abin da ya yi kusa da haka, domin su tashi kafin gurbin ruwan ya ƙafe.

Na biyu, akwai wani baƙin ƙwaro mai sheƙi, mai kama da buzuzu, wanda ke nutso ya fito. Yana ɗaukar iska a ƙarƙashin fiffikensa ya shiga ruwa da ita, kamar mai tafiya da guzuri. Shi da 'ya'yansa duk mafarauta ne. Akwai ƙananan 'yan'uwansa da ke zagaye a saman ruwa kamar ana kaɗa su. Akwai kuma mai dogayen ƙafafu da ke tafiya a kan ruwa ba ya nutsewa. Shi yana jiran ƙwaron da ya faɗo ne.

Na uku shi ne wani ƙaton ƙwaro mai faɗin baya, launin ƙasa, wanda wani lokaci yakan faɗo a gindin fitila da damina. Kada a kama shi da hannu, cizonsa da zafi. Yana cin 'ya'yan kwaɗi da ƙananan kifi. Wani iri daga cikin danginsa katantanwar ruwa ce abincinsa. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Na huɗu su ne masu shara. Akwai wata tsutsa da ke gina wa kanta ɗaki da ƙwayoyin yashi ko guntayen ganye, ta manna su da zaren da take fitarwa daga bakinta, tana yawo da ɗakinta. Akwai wani mai wutsiya uku sirara kamar gashi, wanda ke lafewa a jikin dutse. Waɗannan suna cin ruɓaɓɓen ganye da gansakuka. Su ne ke hana rafi cika da ruɓa. Mai wutsiya ukun nan yakan yi makonni ko watanni a ruwa, amma idan ya yi fiffike ya tashi, kwana ɗaya ko biyu kawai yake yi a duniya. Ba ya ko cin abinci. Ya yi barbara, macen ta saka ƙwai, shi ke nan.

KOWA ABINCIN WANI NE

Yanzu ku bi ni a hankali. Ganyen ɓaure ko na kanya ya faɗa rafi. Ya jiƙa ya fara ruɓewa. Tsutsa ta ci ganye. Ɗan mazari da ƙaramin kifi su ci tsutsa. Tarwaɗa ta ci ƙaramin kifi. Masunci ya kama tarwaɗa. Uwargida ta sa a miya. To, ashe ganyen ɓauren nan ne ya zagayo ya shiga tukunya.

Ba kifi kaɗai ba. Kwaɗo na cin ƙwarin nan. Zalɓe na cin kwaɗo da kifi. Tsattsewa da jemage suna kama waɗanda suka tashi sama. Idan aka kashe ƙwarin rafi, an kwashe abincin waɗannan duka. Mai son kifi dole ya so abin da kifi ke ci.

INA SUKE ZUWA DA RANI?

Wani zai tambaya, to idan rafi ya ƙafe, ina suke shiga? Kowane da dabararsa. Masu fiffike su tashi su nemi madatsa ko tafkin da bai ƙafe ba. Wasu su nutse cikin damshin yashi. Wasu su bar ƙwai a busasshiyar laka, sai ruwan fari ya sauka ya ƙyanƙyashe. Kun san yadda gaiwa ke shiga laka ta kwanta har damina ta zagayo.

Amma akwai wadda ta fi gaiwa. A nan arewacin Nijeriya, a cikin 'yan ramukan da ke kan fa, inda ruwan sama ke taruwa kwana kaɗan ya ƙafe, akwai wata 'yar jar tsutsa. Tsawonta kamar ƙwayar shinkafa. 'Yar wani ƙaramin ƙwaro ce mai kama da sauro, amma ba ya cizo. Idan ruwan ramin ya ƙafe, ita ma sai ta bushe ƙayau. Kusan duk ruwan jikinta ya fita. Ba motsi, ba numfashi. Rana ta gasa dutse wata da watanni tana nan. Ranar da ruwa ya sauka, cikin kamar awa ɗaya sai ta kumbura ta ci gaba da motsi, ta shiga neman abinci.

Wani masani ɗan Ingila mai suna Hinton shi ya bayyana ta ga duniya a 1951. An taɓa ajiye irinta a bushe shekara 17, aka zuba ruwa ta farfaɗo. Masanan ƙasar Japan sun gano sirrin: kafin ta bushe takan tara wani irin sukari a jikinta, wanda ke daskarewa kamar gilashi ya tsare kayan cikinta. A 2007 aka kai ta tashar binciken sararin samaniya, aka ajiye ta a waje fiye da shekara guda. Da aka dawo da ita aka jiƙa, wasu suka tashi. Ana nazarinta domin a koyi yadda za a adana magunguna ba tare da firji ba. Ikon Allah ke nan. Abin da muke takawa a kan dutse, shi wasu ke tsallako teku su zo nema.

MAƘIYA

Yanzu mu zo kan masu cutar da mu.

Babbansu sauro. Shi ma ɗan ruwa ne. Macen ce ke cizo, domin tana bukatar jini kafin ƙwanta ya nuna. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, kwana bakwai zuwa sha huɗu ne a lokacin zafi. Tun 1897 wani likita mai suna Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin cikin sauro. Har yau, a cikin kowane mutum huɗu da zazzaɓin nan ke kamawa a duniya, kusan ɗaya ɗan Nijeriya ne. Ƙananan yara da mata masu ciki su ya fi kayarwa.

Ga abin lura. Sauron zazzaɓi bai cika son babban rafi mai kifi da 'ya'yan mazari ba, domin can cinye 'ya'yansa ake yi. Ya fi son ɗan ƙaramin ruwa mai shan rana wanda ba mafarauci a ciki: sawun kofaton shanu, ramin da aka haƙa ƙasar gini, ruwan da ya kwanta a fangali, gefen hanyar ruwan da ta toshe. Galibinsu mu muka yi su da hannunmu.

Na biyu ba ƙwaro ba ne, katantanwar ruwa ce, 'yar ƙarama. Ita ce masaukin tsargiya, wato fitsarin jini. Ga yadda abin yake. Yaro mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa. Ƙwan cutar ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa. Bayan 'yan makonni tsutsotsi su fito, ido ba ya ganinsu. Su huda fatar mai wanka, ko mai wanki, ko mai ban ruwa. Katantanwar nan tana son ruwan da ya zauna mai ciyayi, irin na gefen madatsa da hanyar ruwan da kacala ta cika. Wasu na cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ba haka ba ne, ciwo ne. Idan aka bar shi yana lalata mafitsara da ƙoda. Yana da magani, ana kuma raba shi a makarantu. Idan masu rabo sun zo, a bar yara su sha. Kun tuna ƙaton ƙwaron da na ce yana cin katantanwa? Kun ga aboki ke nan.

Na uku wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ne mai doro. Tsutsarsa na manne wa dutse a inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Cizonsa na kawo ƙaiƙayi da makanta. Mu nan ba mu cika ganinsa ba, domin ruwanmu ba ya gudu a kan duwatsu shekara cur. Amma masu zuwa ci-rani kudu su sani. Tun 1987 ake ba da maganin Mectizan kyauta saboda wannan ciwo. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ta rabu da shi. Ita ce ta farko a Afirka.

Kada wani ya ce ba a iya raba mutane da ciwon ruwa. Dattawa, kun tuna kurkunu? Ina yaro na ga manomi kwance da damina, ana naɗe zaren kurkunu a tsinke, gonarsa ta cika da ciyawa. Wata 'yar halitta ce a ruwan kududdufi ke ɗauke da shi. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu fiye da 600,000 a Nijeriya. Aka dage da tace ruwa da ƙyalle, aka hana mai kurkunu shiga tafki, aka haƙa rijiyoyi. An ga na ƙarshe a 2008. A 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Yaran yau ba su ma san shi ba. Mutanen ƙauye ne suka yi wannan aiki.

YADDA MUKE KASHE ABOKANMU

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona a garinmu. Akwai wani gurbi a rafinmu da ba ya ƙafewa. Wata bazara wani mutum ya zuba gamalin a ciki da dare. Da safe kifi ya taso fari fat, manya da 'ya'ya. Ya kwashe manyan ya tafi kasuwa. Mu yara muka tsaya muna kallo. Ba kifi kaɗai ya mutu ba. Kwaɗi da ƙwari iri-iri suna yawo a saman ruwa a mace. Bayan 'yan makonni guba ta yi sauƙi. Wa kuke tsammani ya fara dawowa? Tsutsar sauro ce, ta cika gurbin maƙil, ba mai cin ta. Sauro kwana goma ya ishe shi. Ɗan mazari sai ya yi makonni ko watanni. Kifi kuwa sai da wata damina ta kawo. Mutum ɗaya ya ci ribar kwana ɗaya, gari ya biya.

Ba mai gamalin kaɗai ke da laifi ba. Manomin da ya gama feshi ya wanke tankinsa a rafi, shi ma ya zuba guba. Wanda ya jefa kwalbar maganin ƙwari a ruwa, haka. Takin zamanin da ya yi yawa, ruwa na wanke shi zuwa rafi. Ruwan ya yi kore shar, iskar da ke cikinsa ta ƙare cikin dare, kifi ya taso yana haki da asuba. Sare bishiyoyin bakin rafi na kawar da inuwa da ganye, gaɓa ta zabtare, laka ta binne duwatsu. Ɗibar yashi ba ƙa'ida na barin ramukan da sauro ke so, yara kuma na faɗawa ciki.

Ku dubi Jakara. Ta ratso birnin Kano, ta kwaso ruwan kwatami da na masana'antu kafin ta iso Wasai. Wanda ya san ta ya san launinta da warinta. Ruwa ba ya tsami banza. Kada mu bari sauran rafukanmu su bi sahunta.

GWAJIN DA KOWA ZAI IYA YI

Ba sai da na'ura ake gane lafiyar rafi ba. Ka sami farin kwano da tsohon rariya. Ka sa takalmin roba saboda tsargiya. Ka ɗebo laka da ganye daga gefen ruwa, ka juye a kwano da ɗan ruwa, ka jira ya kwanta.

Idan ka ga iri-iri, ga ɗan mazari, ga mai ɗakin yashi, ga mai wutsiya uku, to ruwan yana da rai. Mai ɗakin yashi da mai wutsiya uku ba su jure ƙazanta, su ne ke fara ɓacewa. Idan ba ka ga komai ba sai jajayen tsutsotsi da yawa a cikin baƙar laka mai wari, ruwan ya gurɓata. Su waɗannan suna jure ruwan da ba iska. Idan kuwa ba abin da ke motsi ko ɗaya, ka yi zargin guba, ka sanar da mai unguwa.

Amma a kula. Ruwa mai ƙwari masu kyau ba shi ne ruwan sha ba. Ruwan rafi sai an tafasa, ko an sa masa maganin tsabtace ruwa.

Ɗaliban aji, ga aikinku. Ku yi wannan gwaji sau ɗaya da kaka, sau ɗaya da bazara. Ku rubuta rana da wuri da abin da kuka gani a littafinku. Ku tambayi tsofaffi da masunta sunan kowane ƙwaro, ku rubuta. Ku aiko mana, za mu buga.

ABIN DA NAKE ROƘO

1. Kada a kama kifi da guba. Sarkin Ruwa, wannan a hannunka yake.
2. A wanke tankin feshi nesa da rafi da rijiya. A huda kwalbar magani kada a sake amfani da ita.
3. A bar 'yar tazara tsakanin gona da gaɓar rafi, mai ciyawa da bishiyoyi. Wanda ya sare ɗaya ya dasa biyu.
4. A cike ƙananan ramuka kusa da gidaje. A yashe hanyoyin ruwa, a cire kacala, ruwa ya riƙa gudu.
5. A hana yara fitsari da bayan gida a ruwa. Mai fitsarin jini a kai shi asibiti.
6. Kowa ya kwana cikin gidan sauro. A karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 da damina.

Baba mai dariya, ga shi can yana gyaɗa kai. Ina fata yanzu mun shirya. Iyayenmu sun bar mana rafin nan da kifinsa da inuwarsa. Mu ma akwai masu jiran gado a bayanmu.

  Inda na yi kuskure a yafe mini. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.